Kafin damina ta cinye tarihinmu: aikin da duron zai yi mana a Zuru da kewaye

Idan kana bibiyar Facebook ko TikTok lokacin bikin Uhola a Zuru, ka san yadda hotunan sama ke tashe. Duron, wato ɗan jirgin nan marar matuƙi, yana shawagi, matasa na ɗaga masa hannu. To amma ka san wannan na'urar za ta iya adana tsohon gini har bayan ya rushe?

Ga yadda abin yake. Duron zai zagaya ginin ya ɗauki ɗaruruwan hotuna daga sama da gefe, kowane hoto yana haɗa kusan kashi 70 cikin 100 na abin da na bayansa ya ɗauka. Daga nan manhajar kwamfuta, irin su Metashape da ake saya ko Meshroom da ake samu kyauta, za ta nemo wuraren da hotunan suka yi daidai, ta lissafa tsawo da faɗi da zurfi, ta fitar da siffar ginin da za ka iya jujjuyawa a wayarka, har tsagewar bango a gani.

Kada ka ɗauka wasa ne. Da gobara ta cinye rufin cocin Notre-Dame a birnin Faris a watan Afrilun 2019, ma'aunin da masani Andrew Tallon ya ɗauka da hasken leza tun kafin gobarar ya taimaki masu gyara, aka sake buɗe ta a Disambar 2024. A Siriya, kamfanin Iconem ya yi amfani da duron wajen auna kufan Palmyra bayan ɓarnar yaƙi. A nan Afirka kuma, Zamani Project na Jami'ar Cape Town ya auna masallatan ƙasa na Djenne da Tambutu a Mali.

Mu fa? Gininmu na ƙasa ne, kowace damina sai ta zaftare wani abu. Rumbunan Lelna masu ado da kufan tsoffin garuruwan kan duwatsun ƙasar Zuru, su ma tarihi ne. Ga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda aka gina a 1831 a matsayin fada. Ga ganuwar dutse ta Surame, babban birnin Muhammadu Kanta a ƙarni na 16, wadda ke jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007. Kano ma ta ga yadda aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. Abin da ba a auna ba, in ya faɗi, sai dai a yi kwatance.

Sai dai a kula. Tayar da duron a Najeriya na buƙatar izinin hukumar NCAA da ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, kuma a yankin da ke fama da 'yan bindiga kamar namu, ganin baƙon abu a sama na iya jawo maka matsala. Nemi yardar masarauta da dattawan wurin, musamman wuraren da ake girmamawa irin Girmache.

Ba ka da duron? Fara da wayarka. Zagaya tsohon rumbun gidanku, ka ɗauki hoto ta kowane ɓangare, ka ɗora a manhajar Polycam. Sannan ka zauna da kakarka, ka naɗi muryarta tana faɗin wanda ya gina shi da shekarar da aka yi.