Kundin zanen ɗalibi: Yadda za a zana buri da kayan gida daga Miga

Duk wanda ya duba shafukan baya na littattafan rubutun ɗaliban sakandare zai tarar da zane. Akwai mota, akwai ɗan ƙwallo sanye da rigar wata ƙungiya ta Turai, akwai fuskar jarumar fim ɗin Indiya da aka kwafo daga waya. Hannun wasu ya faɗa sosai, har mutum ya tsaya yana kallo. Sai dai in aka haɗa zanen ɗalibin Miga da na Legas da na Kano, da wuya a gane na wane ne daga ina. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana a wannan makon kan kundin zane, wato tarin ayyukan da ɗalibi ke adanawa wuri guda domin nuna wa malami ko makarantar da yake son shiga, da kuma abin da ya kamata a samu a cikinsa.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A 1958 wasu ɗalibai a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun gaji da yadda ake koya musu zane kamar suna zaune a Landan. Yawancin malamansu Turawan Ingila ne, manhajar ma daga can aka ɗauko ta. Sai suka kafa ƙungiya, wadda daga baya aka riƙa kiran 'ya'yanta da 'Yan Tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ba su ƙi karatun aji ba, ba su kuma fasa taga ba. Abin da suka ce shi ne, kowa ya koyi dabarun da ake koyarwa, sannan ya koma gida ya binciko fasahar mutanensa, ya gwama su har su saje.

Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, wurin mahaifiyarsa ya koma. Ita ta san uli, wato zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, kusan yadda matanmu ke ƙunshi. Daga waɗannan layukan ya gina salon da ya yi suna da shi a duniya. Ƙungiyar ta watse a 1961, shekara uku kacal ta yi, amma har gobe ba a rubuta tarihin zanen zamani a Najeriya ba tare da ita ba. Abin da ke ba mu takaici kawai shi ne, a garin Zariya aka yi wannan yunƙuri, a tsakiyar gidaje masu adon bango, amma ba a samu ɗan ƙasar Hausa cikin fitattun 'yan ƙungiyar ba. Wannan gurbi har yanzu yana neman masu cike shi.

To, ɗalibin Miga me zai koma ya ɗauko?

Kafin amsa, akwai abubuwa biyu da ke riƙe hannun yaranmu, kuma bai kamata a kau da kai daga gare su ba. Na farko, gidaje da yawa ba sa son a zana fuskar mutum ko wani abu mai rai, saboda abin da malamai suka karantar. Ba fatawa muka zo bayarwa ba, wannan fagen malamai ne. Na biyu kunya. Matashi yana da abin da zuciyarsa ke so, ko wata yarinya, ko karatun likita, ko tafiya birni, ko dawowar uban da ya tafi ci-rani, amma ba zai iya faɗa a gaban manya ba, balle ya zana a manna a bangon aji.

Hoton alama yana warware duka biyun. Maimakon a zana fuskar mutum, sai a zana shi da kayansa. Ɗauki misalin kaka: ba sai an ga idonta ba, a jera faifan da ta saƙa, da carbi, da ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke ta, da goro ɓari guda a gefen zane. Duk wanda ya san ta zai ce ita ce. Ko masunci: koma a rataye, gora a kife, jirgi ɗaure a bakin ruwan da ciyawar kacala ta cinye. Ba a rubuta komai ba, amma an faɗi cewa mutumin nan yana begen kogin da ya sani yana yaro, kafin ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejia. Ɗalibar da ke son ci gaba da karatu alhali ana maganar aurenta tana iya zana tafin hannu da lalle, alƙalami kwance a kansa, akwatunan lefe a baya sun yi tsawo har sun tare haske. Mu dai a ganinmu irin wannan hoton ya fi fuskar jarumar fim ɗari nauyi, ko da layukansa sun ɗan karkace.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bahaushe ya daɗe yana magana da alama. Saurayi ba ya buɗe baki a gaban surukai, toshi ne ke magana a madadinsa. Aska takwas a gaban babbar riga tana faɗin matsayin mai ita. Zayyanar da ake yi wa allo ranar saukar karatu hoto ce ta shekarun da yaro ya yi yana wahala, ba tare da fuska ko ɗaya ba.

Wasu daga cikin iyayenmu da suka yi sakandare a tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, suna tuna malamai 'yan ƙasar Filifin da suka koyar da lissafi da kimiyya. Ƙasar waɗannan malamai ta fitar da wata mai zane da ta cancanci ɗalibanmu su san ta, Pacita Abad, wadda aka haifa a 1946 a tsibiran Batanes, ta rasu a 2004. Ta yi zama a Amurka, ta zaga ƙasashe da dama na Asiya da Afirka, amma maimakon ta kwaikwayi Turawa sai ta riƙa ɗinka zanenta da allura kamar bargo, tana cusa auduga a ciki, tana liƙa maɓallai da wuri da duwatsun ado da ƙananan madubai. Da irin wannan aiki ta yi hotunan baƙin haure masu neman rayuwa a ƙasar da ba tasu ba. Darasin da ke ciki ga mai zaune a Miga shi ne kayan aikin: abin da ke cikin kwandon ɗinkin uwa ya isa a fara.

Domin kuwa kuɗin fenti shi ne uzurin da aka fi kawowa, kuma uzuri ne na gaskiya. Amma gawayi yana nan a murhu. Tawadar allo, wadda ake haɗawa da ƙaro, tana kama takarda da kyau. Jar ƙasa da farar ƙasa in an tace su aka sa ɗan ƙaro suna zama launi. Lalle yana ba da ja mai duhu, zoɓo yana ba da nasa, ko da yake yana koɗewa in rana ta dake shi. Kaba da ƙyallen atamfa da ɓawon shinkafa duk ana iya liƙa su a kwali.

Kundi kuma ba tarin takardu ba ne kawai. Gara a zaɓi magana ɗaya a bi ta, misali mutanen gidanmu, ko abin da ruwa ya tafi da shi, a yi ta juya ta cikin hotuna goma ko fiye, maimakon yau mota gobe zaki. A bayan kowane aiki a rubuta kwanan wata da kayan da aka yi amfani da su da jimla ɗaya ko biyu kan abin da ake nufi. Kada a yar da na farko-farko da ba su yi kyau ba, malamin kirki yana son ganin inda hannu ya taso. Ga mai son bin wannan hanya, ana rubuta darasin zane a jarrabawar WAEC da ta JAMB, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zane da na ƙirar kayan masana'antu, inda ake koyon adon yadi da tukwane da zanen talla. Makarantun karkara da yawa ba su da malamin zane, saboda haka sai ɗalibi ya tashi ya tambayi shugaban makaranta tun yana aji huɗu yadda zai yi rajistar darasin, kada ya bari sai lokaci ya ƙure.

Sai batun ajiya, wanda a yankinmu ba ƙaramin abu ba ne. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 a garuruwan bakin Kogin Haɗejia sun san abin da ruwa ke yi wa takarda cikin dare ɗaya. A sa ayyukan tsakanin kwali biyu, a naɗe da leda, a rataye a sama kusa da rufi, kada a tura su ƙarƙashin katifa. Kowane aiki da aka gama a ɗauki hotonsa da waya da hasken safe, a tura wa yaya ko kawu da ke Dutse ko Kano ya ajiye.