Tsutsar da ke mutuwa ta zama rumbun ƙwanta

Idan shinkafar tudu ta tsumbure a wani ɓangare na gona, ganye ya yi rawaya alhali damina na kan ganiyarta, abin da manomi ke fara cewa shi ne ƙasa ta gaji. Sai a ƙaro taki. A ganina, kafin a kashe wannan kuɗi ya kamata a tumɓuke tushe ɗaya a wanke saiwarsa.

Akwai wasu ƙananan tsutsotsi, nematod a bakin masana, da ke huda saiwa su zauna ciki suna tsotsar abincin shuka. Macen wani jinsi, Heterodera sacchari, takan yi ta kumbura har bayanta ya faso waje, fara fat, ba ta kai ƙwayar acca ba. In ta mutu, fatarta ta yi tauri ta koma ruwan ƙasa, ta zama jaka mai ɗauke da ɗaruruwan ƙwai. Jakar nan kan faɗa cikin ƙasa ta jure rani, ta yi shekaru. A jikin rake aka fara gano tsutsar a Kongo Barazabil a 1963, zuwa 1968 aka tabbatar da ita a raken Najeriya. Tana cin shinkafa, tana kuma rayuwa a saiwar wasu ciyayin daji, shi ya sa barin gona saura ba lallai ya kashe ta ba.

Manoman citta a Kachia, Jaba da Kagarko suna da tasu damuwar. Wata 'yar'uwar wannan tsutsa, Meloidogyne, ba ta yin jaka, ƙulle-ƙulle take sa wa saiwa, kuma raunin da take bari ƙofa ce ga cututtukan ruɓa. Annobar da ta cinye citta a 2023 ta naman gwari ce, amma ta nuna tsadar rashin sanin abin da ke cikin ƙasa da jikin iri.

Sauya shuka na taimakawa: bayan shinkafa ko rake a sa gyaɗa. A kankare laka daga garma da tayar tarakta kafin a shiga wata gona, domin a nan jakunkunan ke bin mutum. Babban aikin kuwa na masana ne. Tsangayar noma ta Jami'ar Jihar Kaduna tana nan a Kafanchan, Cibiyar Binciken Aikin Gona tana Samaru. Ɗalibansu su ɗebo ƙasa daga fadamun Jama'a da Zangon Kataf, a tace, a duba, a gaya wa kowane ƙauye abin da ke ƙarƙashin gonakinsa.