Teshan-masta a Kafanchan Lokacin Yaƙin Hitila

Babban layin dogon da Turawa suka shimfiɗa a Najeriya guda ɗaya ne tilo, faɗinsa ƙafa uku da rabi. Jirgin da ya taso daga kudu da wanda ya gangaro daga arewa duk a kansa suke bi, kuma ba inda za su ba juna hanya sai a tasha, inda aka yi layin ratse. Teshan-masta ke cewa wane zai wuce, wane zai jira.

Ba da fatar baki yake yin wannan hukunci ba. A wancan zamani, tsakanin kowace tasha da maƙwabciyarta akwai sandar ƙarfe da ke kulle cikin na'ura, ba ta fita sai takwaransa na can ya amsa ƙararrawa ya yarda. Da zarar an zare ɗaya, na'urorin biyu sun kulle ke nan har sai direba ya kai ta can an mayar. Direban da ba sanda a hannunsa ba ya motsawa, ko da gwamna ya ɗauko. Ƙarƙashin teshan-masta akwai mai juya layi, da mai haɗa taragu, da akawun kaya, da mai buga tangaraho, da mai tuta wanda da dare yake komawa fitila ja da kore. In ɗayansu ya yi gyangyaɗi, sunan teshan-masta za a rubuta a takardar tuhuma.

Kafanchan ƙaramin wuri ne na mutanen Fantswam kafin dogo ya iso. A 1927 ta zama mahaɗa: layin Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi ya ratsa ta zuwa Kaduna, reshe kuma ya ɓalle ya hau tudu zuwa Jos. Gari ya taru a gindin tasha, har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan. Yawancin akawuna da direbobi 'yan kudu ne, amma da Hausa ake ciniki a bakin taga.

Yaƙi ya fara matsa wa wannan tasha sosai a farkon 1942, lokacin da Japan ta ƙwace Malaya, inda aka fi ko'ina haƙar kuza a daular Ingila. Sai ido ya koma kan Jos. Gwamnati ta ɗora wa sarakuna su kawo mutane aikin haƙar kuza na dole, abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna, wanda bai tsaya ba sai 1944. An kwaso dubban manoma daga lardunan arewa zuwa sanyin Filato da ba su saba da shi ba, da yawa suka yi ciwo, wasu suka mutu, wasu suka gudu. Kuzar da suka haƙo ta Kafanchan take gangarawa zuwa bakin ruwa a Fatakwal. Kwal ɗin Inugu, wanda babu kan jirgin da zai yi numfashi sai da shi, ta nan yake hawowa. Ga hatsin ciyar da leburori, ga samarin yankin da aka ɗauka soja za a kai su Kaduna, daga can Ikko, daga can ƙasar Bama tare da runduna ta 81 da ta 82.

Duk wannan a kan layi guda, da kawunan jirgi da suka tsufa, don masana'antun Ingila sun koma ƙera makamai, kayan gyara ba sa zuwa. Hawan Kagoro kuwa ba ya karɓar dogon jirgi, sai an rage taragu ko a ƙara kai. Saboda haka a Kafanchan ake warware jirage a sake ɗaura su, a shayar da kai ruwa, a cika masa kwal, a canza direba. A ganina nan ne ƙwarewar take: mutum ya riƙe a kansa wane tarago ke wane layi, wanne ne ya yi kwana uku yana jira, wane jirgi zai iya kaiwa tasha ta gaba kafin na soja ya taso. Kayan yaƙi ke gaba, fasinja ke baya, shi ya sa mai goro da mai doya suka sha kwana a dandamali suna zagin mutumin da umarni ya ɗaure wa hannu.

Aiki ya ninka, albashi bai bi shi ba, ga tsadar gishiri da kananzir da yadi. An ba da ɗan ƙarin kuɗin tsadar rayuwa a 1942, kasuwa ta cinye shi nan da nan. Michael Imoudu, shugaban ƙungiyar ma'aikatan reluwe, gwamnati ta tsare shi a 1943, ba ta sake shi ba sai 1945. A watan Yunin wannan shekara, an gama da Hitila amma sojojinmu na Bama ba su dawo ba tukuna, ma'aikata suka tafi yajin aikin gama-gari, 'yan reluwe a kan gaba. Kimanin mako shida aka yi kafin su koma, bisa alkawarin za a duba maganar albashi.