Yadda ake facin tamfol mai raga ba tare da ɓata rubutunsa ba

A Danchadi, Ƙaramar Hukumar Bodinga ta Jihar Sakkwato, zafin Afrilu kan haura digiri 40. Rana ce ke busar da robar PVC da ta lulluɓe zaren tamfol, sai iskar farkon damina ta yaga shi, galibi daga zoben ɗauri.

Gyaran na da tsari. A wanke wurin ya bushe, a yanko ƙyalle irinsa da ya fi yagar faɗi, a zagaye kusurwoyinsa don kada su ɗago. A manna shi ta baya da gam ɗin PVC domin rubutun ya tsira. Bakin tamfol kuwa sai ɗinkin zaren nailan da sabon zobe. Idan robar tana tsattsagewa wajen naɗi, faci asarar kuɗi ne.