Iskar gabas da kwale-kwalen da ke ɗaure

Yau maganar iskar farkon damina zan yi, musamman ga 'yan uwa na Horo Birni da sauran garuruwan Shagari masu hulɗa da ruwa.

Kun san ta ai. Wajen Mayu zuwa Yuni, gabas ta yi baƙi, sai ƙura ta turnuƙe. Iska ce mai sanyi da ke zubowa daga cikin hadarin, tana riga ruwan isowa, shi ya sa ba ta ba mutum lokaci.

To kwale-kwalen da aka ɗaure da guntuwar igiya, ruwa zai yi ta gwara shi da na kusa har katako ya tsage. Ni dai shawarata, a ɗaure ta goshi da doguwar igiya, nesa da ɗan'uwansa, ya samu juyawa ya fuskanci iskar. Ƙarami kuwa a jawo shi tudu kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne tsagewar da ba a gani ba, da safe a loda yara. Ba mu manta Gidan Magana ba, Afrilun 2022, jirgi ya kife, mutum 29 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Bayan kowace iska a kwashe ruwan ciki, a dakata a ga ko zai sake taruwa kafin kowa ya hau.