Gajiyar da barci ba ya warkarwa: ma'aikatanmu a lokacin annobar korona

Ran 19 ga watan Maris na 2020, ministan lafiya na lokacin, Dokta Idi Iliyasu Mainasara, ya sanar da cewa an samu mutum na farko mai cutar korona a Yamai. Kwana biyu kafin nan shugaba Mahamadu Isufu ya riga ya ba da umurnin rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da iyakokin ƙasa, da lekol-lekol. Ran 27 ga wata aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma har 6 na safe, aka kuma killace birnin, ba shiga ba fita. Daga nan kowane dare rediyo da talbijin suka riƙa faɗin lissafi: waɗanda aka auna, waɗanda suka kamu, waɗanda suka warke, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Jama'a masu karatu, akwai lissafi guda da ba a taɓa karantawa ba a wancan lokaci, shi ne na ma'aikatan da barci ya ƙaurace wa idanunsu. Annobar ta zo wa ƙasarmu da sauƙi in aka gwada da wasu ƙasashe, gama waɗanda aka tabbatar ta kashe sun ɗan ɗara 300. Amma tsoro ba ya jiran lissafi, kuma a watan Afrilu na 2020 ba wanda ya san inda abin zai tsaya.

Mu fara da ma'aikatan lafiya, tun da su ne a bakin wuta. Cutar ta iso cikin bazara, lokacin da zafi yake kai awo 45 a Yamai da Tawa, azumi kuma ya kama wajen 24 ga Afrilu. Malamin asibiti da ke ɗakin masu korona sai ya sa rigar kariya daga kai har ƙafa, da safar hannu, da takunkumi, ya yi awoyi cikin zufa ba halin shan iska. Wanda ke ƙaramar likita ta ƙauye kuwa, tasa damuwar dabam ce: kayan kariyar ba su isa ba, kuma duk mai tari da masassara da ya shigo, bai san ko zazzaɓin cizon sauro ne ko sabuwar cutar ba. Ma'aikatan lafiya da dama sun kamu a makonnin farko. Duk wanda ya kwanta, aikinsa sai ya koma kan abokinsa, ga shi dama can hannuwan ba su da yawa. A duniya baki ɗaya, ƙungiyar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 suka mutu daga Janairu na 2020 zuwa Mayu na 2021.

Abin da ya fi rigar zafi nauyi shi ne komawa gida. Ungozoma ko malamar asibiti ta tashi daga aiki, ta iso ƙofar gida, yara sun sheƙo su rungume ta, dole ta dakatar da su har ta yi wanka ta sake tufafi. A gidan akwai tsohuwa mai hawan jini ko mai ciwon suga. In tsohuwar ta yi tari da dare, wa za a ce ya kawo? A unguwa kuma mutane sun rabu biyu. Wasu suna kauce wa ma'aikacin lafiya kamar shi ne cutar, wasu suna cewa korona ƙarya ce, likitoci ne ke cin kuɗin Turawa da ita. Mutumin da ya kwana yana juya maras lafiya, da safe ya ji wannan magana a wurin mai shayi, ba sai an gaya muku abin da zuciyarsa ke ciki ba.

Masu aikin biro ma ba su tsira ba. Ran 3 ga Mayu na 2020 ministan ƙwadago, Muhammad Ben Umar, ya rasu a Yamai sanadin wannan cuta, kowa ya gane cewa kujera ba ta kare mai ita. Malaman lekol sun zauna gida daga 20 ga Maris har 1 ga Yuni, sa'an nan aka ce su kammala karatun shekara cikin ɗan lokaci, damina kuma ta kama, alhali ajujuwa da yawa na zana ne.

Amma mafi yawan ƴan ƙasarmu ba su da albashi, abin da hannu ya samo yau shi ne tuwon dare. Direban motar haya da killace Yamai ya tsayar da shi, da ɗan kabu-kabu, da mai tsire da mai shayi waɗanda kasuwarsu ta dare ce, su dokar hana fita ta fi taɓawa. A Maraɗi da Birnin Ƙonni abin ya zama goma ta haɗu da goma, domin Nijeriya ta riga ta rufe iyakarta tun watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da wuta na Afrilu da Mayu, abin a yaba ne, sai dai mai gidan da ba shi da famfo ba shi da lantarki bai ga kome ba.

Me wannan hali yake yi wa jikin mutum? In ɗan Adam ya gamu da abin tsoro, jikinsa yana sakin wasu sinadarai cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, domin ya gudu ko ya kare kansa. Wannan rahama ce in haɗarin na ɗan lokaci ne. In kuwa ya ɗauki makonni da watanni, jiki bai samu sauka ba, sai barci ya lalace, kai ya riƙa ciwo, ciki ya ƙi abinci, jini ya hau. Mutum mai haƙuri ya zama mai saurin fushi, ya yi wa maras lafiya tsawa, ya koma gida ya yi wa iyali. Tun 2019 OMS ta sa irin wannan gajiya cikin littafinta na rabe-raben cututtuka, a matsayin matsalar da aiki ke jawowa, ta ce alamunta uku ne: ƙarewar ƙarfi, da fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. A 2022 ta bayyana cewa ciwon fargaba da ciwon baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar. A shekarar nan kuma, ita da ƙungiyar ƙwadago ta duniya sun ce kwanakin aiki miliyar 12 ake asara kowace shekara saboda waɗannan cututtuka biyu.

Annobar ta kuma toshe hanyoyin da muka saba sauke nauyin zuci. An rufe masallatai da coci-coci har 13 ga Mayu. An taƙaita taron biki da suna da zaman makoki. Fadar da samari ke zama shan shayi da dare ta watse. Wanda aka yi wa rasuwa bai samu cikar gida da masu gaisuwa ba. Wasu da suka rasa inda za su sa kansu sun koma ga ƙwayar barci ta ƴan tebur, ko tiramol, wanda dama ya daɗe yana ɓarna tsakanin masu aikin ƙarfi.

A nan ne al'adarmu take da gyara. Ciwon ƙafa, kowa ya zo dubiya. Ciwon zuci, sai a ce rashin tawakkali ne ko ragwanci. Sunan Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa na Yamai, ya zama abin ba'a a bakin mutane, har ma'aikaci ya gwammace ya yi shiru da a ce an gan shi can. Alhali mafi yawan masu wannan damuwa hankalinsu lafiya lau, hutu suke bukata da wanda zai saurare su, wasu kuma magani na ɗan lokaci. Likitocin wannan fanni ƙalilan ne, galibinsu a Yamai, saboda haka dole malamin asibiti na gari ya koyi gane alamun.

Shugabannin ma'aikatu su sani cewa wannan ba alfarma ba ce. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu ta 25 ga Satumba na 2012, a aya ta 155, ta ambaci damuwar aiki da sunanta tare da taba, da giya, da ƙwaya, da sida, ta kuma ɗora wa mai ba da aiki nauyin wayar da kan ma'aikatansa da tallafa musu. Abin da ake nema ba ya cin kuɗi da yawa. A tsara gadi yadda wanda ya kwana aiki zai kwana gida washegari. A ba mutum hutunsa na shekara in lokacinsa ya yi. In an yi alkawarin alawus na haɗari, a biya kan kari. Shugaba ya tara mutanensa ya gaya musu gaskiyar halin da ake ciki kafin su ji ta a jita-jitar WhatsApp.

An fara rigakafin korona a Nijar ran 29 ga Maris na 2021. A shekarar nan kwalara ta ɓarke a jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram da Doso, ta kama mutum fiye da 5,000. Sai ran 5 ga Mayu na 2023 OMS ta sanar da cewa korona ta daina zama abin gaggawa na duniya.