Yadda A Ke Kare Allon Kanti Daga Rana

Jama'a, yanzu da mu ka iya karatu, mun san amfanin allon da a ke kafawa a ƙofar kanti ko injin niƙa. Da na'ura a ke buga rubutun a kan leda, sa'an nan a manna ta jikin allo. Kuɗi a ke biya, ba kaɗan ba. Amma rana tana cin tawada, ja da rawaya su ke fara koɗewa.

Maganin abin shi ne a shafa wa allon fenti marar launi, garai-garai kamar ruwa. Iri biyu ne: akwai na ruwa, akwai kuma mai ƙarfin wari, wanda a ke sirkawa da tina. Mu dai mun fi son na ruwan, gama mai warin nan yakan narkar da tawada, baƙaƙe su caɓe. Kada kuma mu aro wanda kafinta ke shafa wa kujera. Wannan na katako ne, a kan leda yakan yi ja-ja, ya tsattsage.

Ban da gaggawa. Sabon allo mu bar shi kwana 2, tawada ta bushe sarai. Mu share ƙura da tsumma mai laushi, mu fara gwadawa a ɗan gefe. In tawada ba ta motsa ba, to, mu shafa sama-sama, cikin inuwa. Ya bushe, mu ƙara sau ɗaya. In an lafta da yawa, sai ya riƙa zubowa kamar hawaye. Ranar da hunturu ya taso da ƙura kuwa, mu haƙura sai ta lafa.